Baƙin da ya ƙi goguwa a haɓar Tozali

Wani dare ne cikin hunturu, an ɗauke wuta, ina zaune a kan tabarma ina ninke kayan makarantar yara da hasken waya. Tozali ta hau cinyata ta yi rigingine kamar yadda ta saba, ta miƙe wuya tana jiran susa. Mage ce fara sol, in ban da baƙin da ya zagaye mata idanu kamar an rambaɗa mata kwalli, wanda shi ya jawo mata sunan a bakin yara. Ina kai yatsa ƙarƙashin haɓarta sai na ji kaushi, kamar yashi ya maƙale a gindin gashin. Na haska. Baƙaƙen ɗigo-ɗigo ne ƙanana, sai ka ce an barbaɗa mata garin masoro.

Ban kawo komai a raina ba. In sanyi ya shigo Kano, Tozali ba ta da wurin kwana sai gindin kurfoti a kicin, inda ɗumin gawayi yake kai wa tsakar dare. Na ce baƙin gawayi ne. Na jiƙa bakin zanina na goge, wasu suka fita, wasu suka ƙi. Bayan kwana 3 na sake dubawa, na tarar sun dawo har sun haura gefen leɓenta na ƙasa.

Daga nan ne na fara ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya na yi ta. Na tuna ƙurajen da suka dame ni lokacin da nake 'yanmata, da yadda nake tsayawa gaban madubi ina matse su. Na danne mage tsakanin gwiwoyina, na sa farce biyu na matsa guda. Wani ɗan abu baƙi mai kama da tsutsa ya fito, na ji daɗi, na matsa na biyu da na uku. A na huɗu ta yi wani kuka ta fizge, ta bar mini zane uku a bayan hannu.

Washegari Hajiya, surukata, ta leƙo sashenmu ta gan ni ina leƙen haɓar mage. Ta ce, "Ke 'yar nan, ƙazuwa ce. Ki shafa mata man kaɗanya, kuma ki raba ta da yaran nan kafin ta goga musu." Maƙwabciyarmu da ta shigo aron turmi ta ce a'a, ƙuma ce, a zuba Dettol a ruwa a wanke ta. Ƙanin maigidana kuwa cewa ya yi a murƙushe rabin farasitamol a zuba mata a madara, tunda da alama wurin yana mata zafi. Cikin shawarwarin nan uku na ɗauki ta Hajiya, saboda ita ce babba kuma man kaɗanya bai taɓa cutar da kowa a gidanmu ba. Safe da yamma ina lafta mata shi har kwana 5. Sauran biyun Allah ne kawai ya kawar da hankalina daga kansu, ba wayona ba.

A kwana na shida haɓar ta kumbura kamar ta ɓoye goro a ciki. Wurin ya yi ja, gashin ya fara zubewa, ƙuraje biyu sun yi ruwa. Tana ta goga haɓar a ƙafar kujera da bakin ƙofa, tana kai ƙafar baya tana susa har jini ya ɓata mini labule. Ta rage cin abinci. Babbar 'yata ta zauna kusa da ita tana hawaye, ta ce, "Umma, mutuwa za ta yi?" A nan na ce wa Abban yara asibitin dabbobi zan kai ta. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce shi dai a iya saninsa raguna da shanu ake kai wa can, amma bai hana ni ba, har ya ba da kuɗin mota.

Na sa ta a kwandon wanki mai murfi, na shimfiɗa tsohon ɗankwalina a ciki, na ɗaure murfin da igiya. Mai adaidaita sahu ya ji kuka daga kwando ya waigo ya ce, "Hajiya, jefar da ita za a je yi?" Da na ce asibiti za mu, dariya ya yi ta yi har muka isa. A can ma na zauna a benci tsakanin wani dattijo mai tunkiya da wani saurayi riƙe da kaji biyu a hammata, kowa yana satar kallon kwandona.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta karɓi kwandon ba tare da ko alamar mamaki ba, ta ce, "Sannu Maman Tozali," da ta ji sunan. Kafin ta taɓa haɓar sai da ta yi mini tambayoyi kamar a gaban alƙali. Shekarunta nawa? Na ce 2 da 'yan watanni. Akwai wata dabba a gidan? An yi mata rigakafin ciwon haukan kare? Akwai yaron da wani abu ya fito masa a fata? Me take ci? Me aka shafa mata? Da na ce man kaɗanya, kuma na ɗan matsa, sai ta ɗago ido ta dube ni, ta mayar kan mage ba ta ce uffan ba. Da ta yi mini faɗa ma da ya fi sauƙi.

Ta fara da abin da mutanen gidanmu suka zarga. Ta ɗauki mataji mai ƙananan haƙora ta taje bayan Tozali tun daga wuya har gindin wutsiya, ta karkaɗe a kan farar takarda da ta jiƙa. Ta ce kashin ƙuma ma baƙi ne kamar wannan, amma jini ne da ƙumar ta sha, shi ya sa in ya taɓa ruwa yakan narke ya yi ja, kuma an fi samunsa a gadon baya kusa da wutsiya, ba a haɓa kaɗai ba. Takardar ba ta yi ja ba. Ta ɗan kankaro baƙin haɓar ta ɗora a kan takardar, shi ma ya tsaya baƙinsa. Sai ta aske gashin wurin, ta kankari fatar da bakin reza a hankali, ta tsigi 'yan gashi, ta kuma manna wani ɗan salatif mai haske ta ɗaye. Duk ta shiga da su ciki ta duba a madubin likita mai ƙara girman abu. Abin da take nema, in ji ta, wani ƙwaro ne da ido ba ya gani mai zama a ramin gashi, ana kiransa demodeks, da kuma makero, wanda shi kam yana kama mutane, musamman yara. Ta buɗe bakin magen ta duba haƙora da dasashi, don ruɓaɓɓen haƙori ma yakan kumbura haɓa.

Da ta dawo ta ce ƙurajen haɓa ne na mage, kuma ba sa kama mutum. Na sauke ajiyar zuciya, don maganar Hajiya ta raba mage da yara ta tsaya mini a rai.

Bayanin da ta yi mini shi ne wannan, gwargwadon yadda na riƙe. A haɓar mage da gefen leɓɓanta akwai ƙananan jakunkunan maiƙo masu yawa a cikin fata. Da su take barin ƙamshinta a jikin kaya, shi ya sa za ka ga tana goga fuska a ƙafarka ko a kusurwar bango. Kowane gashi yana fitowa ne daga ɗan rami, kuma fatar cikin ramin tana saɓa kullum tana fitar da wani abu da ake kira keratin, wanda da shi aka yi gashi da farce. A wasu maguna saɓar nan takan yi yawa, ta cakuɗe da maiƙo ta toshe bakin ramin. Kan toshiyar in ya sha iska sai ya yi baƙi. Wato abin da na yi ta gogewa ba datti ba ne daga waje, daga cikin fatar yake fitowa. Kuma haɓa ita ce inda harshen mage ba ya kaiwa; duk tsaftarta, sai dai ta lashi hannu ta shafa.

In an bar baƙin a haka, sau da yawa magen ba ta ma san yana nan ba. Matsala tana farawa ne in ramin ya fashe ta ciki, ƙwayoyin bakteriya suka samu hanya. Ta ambaci sitafilokokus da ke zaune a fata, da wata fasturela da ke zaune a bakin mage, wadda ita ce ke sa cizon mage saurin kumbura. Matsar da na yi ita ta fasa ramukan, man kaɗanya kuma ya zo ya liƙe bakinsu da ƙarin maiƙo. Garin gyaran gira na kusa tsone ido.

Na tambaye ta me ke kawo shi tun farko. Ta ce abubuwa ne ke taruwa: wata magen haka fatarta take, wata ba ta iya gyara jikinta sosai saboda tsufa ko ƙiba, wata wani abinci ko wani abu da take taɓawa ne bai karɓe ta ba, wata kuma mura ce ko tashin hankali ya raunana mata jiki. Ba ya zaɓen mace ko muzuru, yaro ko babba. Sai ta ce, "A wane kwano take ci?"

Na yi shiru. Wata tsohuwar robar man shafawa ce da na yanke bakinta, tun Tozali tana 'yar jaririya. A ciki take cin kan kifi, da romon miya, da ragowar shinkafa da manja. Ta ruwan kuma robar fenti ce ƙarama. Wankinsu sai in na tuna, kuma da soson ƙarfe nake dirje su. Likita ta ce in na koma gida in shafa cikin robar da yatsa in shinshina. Roba tana karcewa, maiƙo da ƙwayoyin cuta suna shigewa cikin karcen inda sabulu ba ya kaiwa, sannan mage ta zo sau 3 ko 4 a yini ta dangwala haɓarta a kai. Ta ce ba kowace mage ce roba ke yi wa haka ba, amma shi ne abu na farko da suke cewa a canza, don ya fi komai araha kuma ana ganin amfaninsa.

Na faɗa mata sauran shawarwarin da aka ba ni, ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye biro ta ce hantar mage ba ta iya narkar da wasu magunguna da tamu ke narkarwa cikin sauƙi. Farasitamol, ko ɓarin ƙwaya ɗaya, yana iya kashe mage: yana lalata mata jini har dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Dettol da Izal da duk wani maganin wanke-wanke da ke mayar da ruwa fari kamar madara guba ne gare ta, ko ta fata ko in ta lashe. Haka maganin ƙuma da kaska na karnuka mai sinadarin fametirin, yana sa mage karkarwa da farfaɗiya. Man ƙurajen fuska na mutane ya yi wa fatarta ƙarfi, balle mayukan nan masu haɗi uku da ake saya a kemis ana shafa wa komai. Ta ƙara da cewa romon miyar da nake zuba mata in daina, saboda albasa da tafarnuwa suna cinye jinin mage a hankali. Jikina ya yi sanyi. Na tuna ƙanin maigidana tsaye da sacet ɗin farasitamol a hannu yana cewa rabi kawai.

Abin da ta haɗa mini ba shi da yawa. Ruwan wanki na kulohekzidin, ta nuna mini yadda zan sirka shi da ruwa, ta ja kunnena kada ya shiga ido ko kunne. Sunan ya yi mini kama da wanda na sani, ashe sinadarin nan ne da aka ba ni na shafa wa cibiyar autana da aka haife shi, sai dai nata haɗin daban ne. Sai man shafawa na mufirosin mai ƙarfin kashi 2 cikin 100. Sai ƙwayoyin kashe bakteriya na sha na mako 3, waɗanda ta auna nauyin Tozali a sikeli kafin ta rubuta, ta ce don wurin ya riga ya yi mugunya ne, da baƙin ne kaɗai da ba a kai ga sha ba.

A hanyar gida na tsaya a kasuwar Sabon Gari na sayi faranti biyu na silba masu faɗi marasa zurfi, yadda za ta ci ba sai ta nutsa haɓa ba, da kwanon tangaran na ruwa. Ina shiga gida na ɗauko tsohuwar robar na yi abin da likita ta ce. Cikinta santsi kamar an shafa kitse, ga wani ƙarni da ya daki hancina. Shekara 2 ina wucewa ta gabanta kullum.

Aikin gaske a gida yake, kuma ba shi da wani armashi. Da safe bayan yara sun tafi makaranta, da dare bayan Isha'i, sai in ɗora ruwa ya yi ɗumi, irin ɗumin da za ka iya yi wa jariri wanka da shi. In naɗe Tozali cikin tawul tun daga wuya, ƙafafu huɗu duk a ciki, kai kawai a waje. In jiƙa tsumma mai tsabta in matse in ɗora a haɓar. Likita ta ce minti 5, don ɗumin ya tausasa toshiyar ta fito da kanta. A makon farko in na samu minti 2 na gode Allah. Daga nan in dangwali ruwan wankin da auduga in goga a hankali, in bi kwanciyar gashi, in bar shi ya ɗan jima, in share da ruwa, in tsane wurin sarai. Sai man, ɗan kaɗan a kan yatsa. Dabarar hana ta lashewa ita ce in shafa dab da lokacin cin abinci, ko babbar 'yata ta ɗauko zare ta yi ta ja mata a ƙasa har man ya shige.

Ƙwayar sha ita ce yaƙi. Ranar farko na tura a cikin naman kifi, ta cinye kifin tas ta bar ƙwayar a tsakiyar faranti a wanke. Rana ta biyu na buɗe bakin na jefa, ta yi kamar ta haɗiye, bayan na sake ta na tsinci abin a bayan kujera. Sai da na koma likita ta nuna mini: a kama kan ta sama, a ɗaga hanci ya kalli rufi, bakin zai saki da kansa, a ajiye ƙwayar can ƙarshen harshe, a rufe a shafa maƙogwaro. In ta lashi hancinta, ta haɗiye. A bi da ɗan ruwa a sirinji marar allura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka Abban yara, wanda ya yi mini dariyar zuwa asibiti, shi ya koma mai riƙe tawul kowane dare, yana yi yana mita.

Abin da ya fi ba ni wuya ba faɗan ba ne, hana kaina matsa ne. Bayan gashi da ruwan ɗumi baƙaƙen kawunan sukan taso su tsaya a fili, farcena har ƙaiƙayi yake. Sai in tuna kallon da likita ta yi mini in mayar da hannu.

A kwana na 4 kumburin ya fara sacewa, ta daina goga haɓa a ƙafar kujera. Zuwa kwana 10 ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, ta koma cin abinci har tana bin ni kicin. A nan Hajiya ta ce ai ta warke, a bar wahalar da baiwar Allah da ƙwayoyi, a ajiye ragowar saboda gaba. Ni ma raina ya so hakan, don na gaji. Amma an riga an gaya mini cewa saman fata yakan riga cikinta warkewa, kuma in aka yanke magani a tsakiya ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, saura kwana 11." Ta ce, "To, likitar kyanwa," ta wuce. Amma da yamma ita ce ta aiko mini da wani tsohon farantin tangaran daga cikin kayan jerenta, ta ce a riƙa canzawa in ɗaya yana wanki.

Da muka koma bayan mako 3, likita ta shafa haɓar ta ce a daina sha da man, a ci gaba da wankin sau 2 a mako na ɗan lokaci, faranti kuma a wanke shi da sabulu da ruwan zafi kullum kamar na mutane. Ta gaya mini kada in yi mamaki in ya dawo, don wasu maguna sau ɗaya suke yi a rayuwa, wasu kuma yana zuwa yana tafiya har tsufansu. Gashin wurin bai gama rufewa ba sai bayan kusan wata 2, kuma da ya fito fari ya fito kamar da.

Ya kuwa dawo. Bayan Babbar Sallah aka yi bikin ƙanwar maigidana, gida ya cika da baƙi kwana 6, yara suna bin Tozali da gudu, ta koma kwana a bayan buhunan masara a sito. Ga kuma kitsen nama da kowa ke jefa mata. Da aka watse na ɗaga haɓarta na ga ɗigo 5 ko 6, ba ja, ba kumburi. Na kira likita a waya na kwatanta mata, ta ce in koma gasa wurin da ruwan ɗumi da wanki, in na ga ja ko ruwa in kawo ta. Na ƙara da share mata haɓa da jiƙaƙƙen tsumma duk bayan cin abinci mai maiƙo. Cikin kwana 10 suka ɓace, ba ƙwaya, ba mai.

Yanzu duk daren Juma'a in ta hau cinyata ta miƙe wuya, da yatsa nake fara lalubawa kafin in sosa. Tawul ma ta daina gudunsa, in ta ga na ɗora ruwa sai ta zo ta zauna a bakin ƙofar kicin tana lumshe ido. Tsohuwar robar kuwa ban jefar ba. Na wanke ta da toka, a ciki nake zuba maƙalan shanya. Maƙwabciyar nan mai shawarar Dettol ta shigo makon jiya da muzurunsu a cikin zani, wai in duba mata wani baƙi da ya ƙi goguwa a haɓarsa. Na jiƙa farar takarda, na aiki 'yata ta ɗauko mataji, na tambaye ta a wane kwano yake ci.